Amsoshin Tambayoyinku: Kekunan Haya Tsakanin Garuruwa Maƙwabta

Masu sauraro, wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani malamin firamare a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin mutanen ƙauyensu, shi ne yake tambaya ko garuruwa uku da ke maƙwabtaka za su iya haɗa kuɗi su sayi kekuna, mutum ya ɗauka a wannan gari ya ajiye a wancan.

Malam, ana yin haka a wasu ƙasashe. A shekarar 2010, birnin Washinton na Amurka da gundumar Arlington, wadda kogi ne kawai ya raba su, suka buɗe tsarin hayar kekuna mai suna Capital Bikeshare, daga baya kuma wasu maƙwabtansu suka shigo. Kowace hukuma ita ke da kekunanta da tashoshinta, amma rajista ɗaya ce, kuma kamfani ɗaya ke kula da aikin.

Hayar keke dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da yawanmu a hannun mai haya muka koyi tuƙi, muka kuma sha faɗuwa. Bambancin shi ne mai haya yana zaune ne har kekensa ya dawo gindin bishiyar da ya bar shi, ku kuwa kuna so a ajiye shi a wani gari. A nan wahalar take. Ranar Lahadi, da sassafe kekunan duka za su nufi kasuwar Gujungu, kuma duk wanda zai hau mota daga can zuwa Haɗeja ko Kano zai bar nasa a bakin titi, sai a wayi gari kekuna sun taru a wuri guda alhali ƙauyen da ya fi nisa ba shi da ko ɗaya. Manyan birane da motoci suke kwaso su. A ganina, ku abin da ya dace da ku shi ne a yafe kuɗin haya ga duk wanda ya mayar da keke garin da ake ƙarancinsa.

Kafin a sayi ko guda ɗaya kuma, dagatan garuruwan su zauna a rubuta wanda zai biya faci da kaca da birki, domin garin da hanyarsa ke da yashi da ƙaya zai fi cin taya, kuma sauran za su yi ƙorafi idan ba a yi maganar tun farko ba.

Wata baiwar Allah daga Ɗanbatta kuma tana tambaya ko ba za a sace kekunan ba. Hajiya, an taɓa yi. A 1965 an zuba fararen kekuna ba makulli a birnin Amstadam na ƙasar Holan, ba su daɗe ba suka ɓace, wasu ma 'yan sanda ne suka kwashe. A 1995 birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak ya sa a riƙa jefa tsabar kuɗi jingina, amma satar ba ta tsaya ba, saboda ba a san wanda ya ɗauka ba. A ƙauye kuwa an san kowa da gidansu, don haka littafin rajista a hannun mai gyaran keke ya wadatar, baƙo kuma ya zo da wanda mai unguwa ya sani ya tsaya masa.