Jijiya ta yi yawa, jini bai wuce ba

[Hoto: allon waya, saƙonnin bidiyo suna shigowa]

Kun ga bidiyon nan da ake ta turowa? Wai ka sha abu kaza, jijiyoyin da ke ciyar da ciwon daji su bushe. Wani kuma yana tallar garin maganin da ke "ƙara jijiyoyin jini". Lissafinsu ɗaya ne: jijiya da yawa, jini da yawa. To, jiki bai san wannan lissafin ba.

Farkon labarin ba wuya. Duk inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ko rauni ne ko ƙari ne da ya fara girma, ƙwayoyin halittar wurin sukan saki wani furotin mai suna VEGF, kiran neman agaji. Gano yadda ƙwaya ke gane iska ta ragu shi ya ba masu bincike Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019, amma wannan sai wata rana.

[Hoto: cikin jijiya, ƙwayoyi a jere]

Kira ya iso jijiya mafi kusa. A fatar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikinta akwai makarɓin saƙo, VEGFR2, rabinsa a waje, rabi a ciki. VEGF ya kama guda biyu ya haɗa su, ɓangaren ciki ya kunna, ƙwaya ta fara shirin fita.

A nan za mu daɗe. Ƙwayoyi da dama ne a jere, kowace tana da makarɓin nan, kowace ta ji kiran. Me ya hana su ɓalle gaba ɗaya jijiyar ta wargaje?

[Hoto: ƙwaya ɗaya ta canza launi]

Ku dubi ta tsakiyar. Saƙo ya ɗan fi isa gare ta, ko da kaɗan ne. Sai ta fito da wani furotin a fatarta, Dll4, ya taɓa wani makarɓi na maƙwabciyarta da ake kira Notch. Da Notch ya kunna, maƙwabciyar sai ta rage nata VEGFR2, ta ƙara wani ɗan'uwansa, VEGFR1. Wannan ɗan'uwan kuwa, ni dai burge ni yake yi. Ya fi VEGFR2 iya damƙar VEGF, amma da ƙyar yake isar da saƙon ciki. Har akwai nau'insa marar gindi, wanda ƙwaya ke saki ya yi ta yawo yana kwashe VEGF kafin ya isa ko'ina.

Wato ta gaba ta kurmantar da na kusa da ita. Ita ta miƙa siraran yatsu tana laluben inda kiran ya fi ƙarfi, na baya suna hayayyafa, suna haɗa bututun da jini zai bi. Liman ɗaya, saura sahu. Kuma muƙamin ba na gado ba ne: ana cikin tafiya wata ta baya kan karɓe gaban.

[Hoto: jijiyoyi masu tsari a hagu, cukurkuɗaɗɗu a dama]

Idan aka cire wannan birkin fa? An gwada. A 2006 masu bincike suka toshe Dll4 a ɓeraye masu ƙari. Jijiyoyi suka yi ta tsiro, rassa ko'ina, amma jini ba ya gudu a cikinsu yadda ya kamata, girman ƙarin ma ya ragu. Na dama ya fi jijiya, na hagu ya fi jini. Tun 1995 ma an ga ɓerayen da aka cire wa VEGFR1 suna mutuwa tun a ciki, ƙwayoyin jijiya sun cunkushe ba tsari.

Maganar yunwatar da ƙari tana da asali. Judah Folkman, likitan tiyata a Boston, ya kawo ta a 1971: ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo jini. Wani mai bincike, Napoleone Ferrara, ya ware VEGF a 1989, Amurka ta amince da Avastin, maganin da ke toshe VEGF, a 2004 don kansar babban hanji. Ana haɗa shi da wasu magunguna, yakan ƙara wa majinyaci lokaci, ba ya warkarwa shi kaɗai. Balle abin shan da ake talla a bidiyo. A ido ne irin waɗannan magunguna suka fi nuna kansu: allura ce ake yi a cikin ido ga masu ciwon suga da jijiyoyin bayan idonsu ke yoyo. E, a cikin ido. Ana kashe zafin tukuna.

[Hoto: layin awo, ana ɗaura abin gwajin jini a hannu]

Birkin ma kan yi yawa. A wasu masu juna biyu, mabiyiya kan zuba VEGFR1 marar gindin nan cikin jinin uwa fiye da kima, ya kwashe VEGF ɗin da jijiyoyinta da ƙodarta ke buƙata. Jini ya hau, furotin ya fito a fitsari, idan abin ya yi nisa a kai ga jijjiga, wadda ke cin rayukan mata da yawa a arewacin Najeriya. Da farko mace ba lallai ta ji komai ba, shi ya sa ake auna jini da fitsari duk ranar awo. Bayan haihuwa, da mabiyiya ta fita, yawan VEGFR1 ɗin nan a jini yakan sauka cikin 'yan kwanaki, amma a ci gaba da auna jinin mai jego, don jijjiga kan zo ko bayan an sauka.