Saƙon yana Dublin, makullin yana Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A watan Disamba na 2013 wani alƙali a birnin New York ya umarci kamfanin Microsoft ya miƙa wa masu bincike saƙonnin imel na wani da ake zargi da fataucin miyagun ƙwayoyi. Kamfanin ya ba da ɗan abin da ke ajiye a Amurka game da mai akwatin imel ɗin, amma ya riƙe saƙonnin. Ya ce suna cikin kwamfutocinsa da ke Dublin, babban birnin Ireland, kuma hannun alƙalin Amurka bai kai can ba. In ana so, a bi ta hukumomin Ireland.

Lauyoyin gwamnati suka ce ai babu ɗan sandan da zai hau jirgi zuwa Dublin. Ma'aikacin Microsoft da ke zaune a ofis a Amurka, maɓallai kaɗan zai danna saƙonnin su fito a gabansa. To, ina ketare iyakar?

Kowane ɓangare na da hujja, shi ya sa shari'ar ta yi tsawo. Microsoft ya faɗi a ƙananan kotuna a 2014, ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, har Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar a Fabrairun 2018. Dokar da ake ta jayayya a kanta kuwa ta 1986 ce, tun kafin a san wani abu wai shi Gmail.

Kafin alƙalan ƙoli su yanke hukunci, majalisa ta riga su. A watan Maris na 2018 aka cusa wata doka mai suna CLOUD cikin kundin kashe kuɗin gwamnati mai shafi sama da 2,000, Shugaba Donald Trump ya sa hannu, ba tare da an zauna an yi muhawara a kanta ita kaɗai ba. Ta ce duk kamfanin da ke ƙarƙashin ikon kotunan Amurka, dole ya fito da bayanan da ke hannunsa ko a wace ƙasa ya ajiye su. A watan Afrilu Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar, tunda babu sauran abin jayayya.

Babu mai hankalin da zai ce a bar dillalin ƙwaya ya fake a bayan akwatin imel. Kuma adalci ne a faɗa: don karanta saƙo a binciken laifi, sai alƙali ya ba da izini. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda aka manta da shi a lissafin. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke aika wa abokin cinikinsa na Guangzhou a ƙasar China takardar kaya ta Gmail, ko ɗalibar Maradi da ke neman gurbin karatu ta Yahoo, duk ajiya suka ba wa baƙo, kuma dokar garin baƙon ce ke aiki a kanta.

Dokar ta ba kamfani damar ya ƙalubalanci umarni idan mai akwatin ba Ba'amurke ba ne, amma wannan ƙofa a buɗe take sosai ne ga ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya ta musamman da Amurka. Birtaniya ta sa hannu a 2019, Ostireliya a 2021. Najeriya da Nijar ba sa ciki.

Sau da yawa ma mai akwatin ba zai ji labari ba. A 2016 Microsoft ya sake kai gwamnati kotu, yana cewa cikin wata 18 an ba shi umarni kusan 2,600 na ya ja bakinsa ya yi shiru, kada ya sanar da waɗanda aka nemi bayanansu. Fiye da kashi biyu cikin uku na umarnin nan ba su da ranar ƙarewa.