Manoman da ke tsaron giwayen Yankari

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan gona da kyau. Masara ce da ta yi goyo, saura kaɗan a karya ta. Kara ya kwanta, an tumɓuke wani tun daga saiwa, ga sawu nan a cikin laka, faɗinsa ya kai faifai. Haka gona take wayar gari idan garken giwaye ya kwana a cikinta. Babbar giwa ɗaya tana iya cin abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a rana, to ina ga garke guda. Wahalar damina ɗungurungum, dare ɗaya ya ishe ta.

Muna gefen gandun dajin Yankari ne, a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991 a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan aka mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Yawancinmu mun san shi ne saboda ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ke tsayawa a wajen digiri 31 rani da damina. Amma babbar dukiyar dajin ita ce giwayensa, waɗanda aka ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Duk da ƙarancin nan, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya.

Yankari ba shi da katanga. Da rani dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin: bauna, gwanki, kanki, dorina, har da 'yan zakunan da suka rage. Amma da ruwa ya sauka, ko'ina ya yi tafki, sai giwaye su bazu. Da kaka ta gabato, ƙanshin dawa da gero da masara yakan ja su zuwa gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Giwa ba ta san iyaka ba, kuma wasu daga cikin gonakin nan a kan tsoffin hanyoyinta aka share su.

A nan ne matsalar take. Mutumin da giwa ta bar shi da rumbu wayam ba zai tona asirin maharbi ba. Idan ya ga baƙi da bindigogi sun shiga daji neman haure, zai kau da kai, wataƙila ma ya nuna musu inda garken ya bi. An yi shekaru ana kashe giwayen Yankari saboda haurensu, kuma akwai masu gadin dajin da suka rasa rayukansu a hannun mafarauta.

A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don kula da tsaron gandun. Aka inganta sintiri, aka riƙa ba masu gadi guzuri da kayan aiki, aka sanya wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don a san inda garke ya dosa. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa bayan watan Mayun 2015 an shafe shekaru ba a sami gawar giwar da aka harbe don haure ba. Sai dai ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin tsarin ba na'ura ba ce. Mutanen ƙauye ne da aka zaɓa, ake ce musu masu tsaron giwa.

Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba su sanya kaki, ba su riƙe bindiga. Manoma ne 'yan gari, kowa ya san gidansu. Makaminsu wayar hannu. Idan mai tsaro ya ga sabon kashin giwa a kan hanyar rafi, ko reshen da aka karya ɗanye bai ko yi yaushi ba, ya san garke na kusa. Nan take zai kira masu gadin daji, ya sanar da mai unguwa, a hana mata da yara zuwa itace ta wannan ɓangaren. Da dare ya yi, maza su fito da tocila da gwangwanaye, a hura wuta a bakin gona, a yi ta kaɗe-kaɗe da ihu har masu gadi su iso su kora garken cikin daji. Aiki ne mai hatsari ƙwarai. Giwa mai ɗa ba ta da wasa, toron da aka fusata kuwa gudun mutum ba ya tsere masa. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa mutane shi ne kada a tsaya a gaban garke, kada a raba uwa da ɗanta, a bar musu hanyar fita.

Idon da ke ganin sawun giwa shi ke ganin sauran abubuwan da ke cin dajin. Akwai masu sare kirya da marke su yi gawayi, buhu-buhu ana lodawa zuwa birane. Akwai shanun da ake shigarwa kiwo, su cinye ciyawar da bauna da gwanki ke dogaro da ita. Idan zaki ya kama saniya, wani makiyayin yakan barbaɗa guba a mushen, sai ta kashe zakin, ta kashe kura, ta kashe ungulu masu yawa a zama ɗaya. Ga kuma wutar daji. Wadda aka cinna da wuri, ciyawa na da sauran danshi, lasar ƙasa kawai take yi ta mutu. Wadda mafarauta ke cinnawa a tsakiyar rani, iskar hunturu na kaɗawa, ita ke cinye ƙananan itatuwa ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya wanke ta zuwa rafi. Masu gadi ba za su iya zagaye daji mai wannan girma da ƙafa ba. Sau da yawa labarin farko daga bakin ɗan ƙauye yake fitowa, ko daga wani arɗo da ya yarda ya ja kunnen yaransa.

Akwai dabarun da ke rage ɓarnar. A ƙasar Kenya an gwada kewaye gona da amyar zuma da aka haɗa da waya, domin giwa na tsoron ƙudan zuma. Da ta taɓa wayar sai amya ta girgiza, ƙudan zuma su taso, giwar ta juya. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma sami zumar sayarwa. Wasu wuraren suna ƙona barkono gauraye da busasshen kashin giwa, hayaƙin ya kore ta.

Duk da haka, wasu gonakin za su ci gaba da salwanta, komai ƙoƙarin masu tsaro. A ganina bai kamata manomin da ya kwana a waje yana kare dabbar da jiha ke alfahari da ita ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Kuɗin shiga da baƙi ke biya a ƙofar shiga dajin ta Mainamaji, da na kwana a masaukin Wikki, ya dace a ware wani kaso sananne daga ciki, a auna gonar da aka ɓarnata tare da mai unguwa da mai tsaron giwa na ƙauyen, a biya mai ita kafin hatsi ya yi tsada a kasuwa.