Yadda za ka gane fankshin daga kallon graf ɗinsa kawai

To jama'a barkanmu da warhaka. Ku dubi allon nan, ga graf amma ba a rubuta lissafinsa ba, an ce ka faɗi wane irin fankshin ne, wato ƙa'idar lissafi da ke ba kowane x amsar y guda ɗaya tak. Kar ka ɗauko kalkuleta tukuna, abu biyu za ka duba, sau nawa layin ya juya, sannan ina bakinsa biyu suka nufa.

In layi ne miƙaƙƙe sambal kamar sanda, liniya ke nan, misali y = 2x + 1, ya ratsa layin y, wato na tsaye, a kan 1. Wannan ba ya ba kowa wahala.

In ya juya sau ɗaya tak ya yi kamar ƙwarya, kwadiratik ne, y = x². Ka ga ƙwaryar a kife? To akwai alamar debewa a gaban x² ɗin. Kubik kuwa, wato mai x³, bakinsa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ba ya juyawa fiye da sau biyu.

Yanzu ga inda ɗalibai ke faɗawa rami, ni ma na sha faɗawa wallahi. Ku kalli y = x² da y = 2ˣ ta ɓangaren dama, duk sama suke hawa kamar 'yan biyu, har ma sun haɗu a x = 2, duka sun ba da 4, sun sake haɗuwa a x = 4 a kan 16, amma ka bar su su kai x = 10, ɗaya yana 100 ɗayan ya kai 1024. Sirrin dai yana hagu. Ƙwarya tana sake tashi sama, shi kuwa 2ˣ kwanciya yake yi yana ta matsowa kusa da layin x, wato na kwance, amma ba zai taɓa shi ba har abada.

In ka ga graf ya tsage gida biyu, ɗaya can sama dama ɗaya ƙasa hagu, y = 1/x ne, tunda ba a raba abu da sifili. Mai hawa da sauka kamar tafiyar maciji tsakanin 1 da -1, yana maimaita kansa duk digiri 360, sayin (y = sin x) ne ko kosayin (y = cos x). Duba x = 0, in ya bi ta sifili sayin ne, in yana kan 1 kosayin.

Af, na kusa mantawa. Ɗora rula a tsaye kan graf mai siffar da'ira. Ta taɓa wuri biyu ko? To wannan ba fankshin ba ne ma sam, tunda x ɗaya ya ba da y biyu.