Littafi ya dawo, amma yana ina?

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo a kan aikin ɗakin karatu: kantar littattafai, teburin ba da aro, da yadda manhaja ke haɗa su.

Na farko, kowane kwafi yana da rajistarsa. Ban ce kowane littafi ba, na ce kowane kwafi. A Koha, manhajar ɗakin karatu da aka fara rubutawa a ƙasar Niyu Zilan a 1999, fili mai lamba 952 a rajistar littafi ne ke ɗauke da wannan, kowane bayani da harafinsa: harafin a reshen da ya mallaki kwafin, b inda yake a yanzu, c sashen da ake jera shi, p lambar bakod, wato zanen layukan da ake haskawa da na'ura. Lambar Dewey, wato lambar da ake jera littattafai da ita bisa fanni, maƙwabtan littafi kawai take nuna maka, ba ta gaya maka ɗaki.

Na biyu, teburi. A FOLIO, wata manhajar ɗakin karatun, kowane wurin jeri ana rataya shi ga teburi ɗaya ko fiye, ɗaya a ciki shi ne babba. Ɗalibi ya ari littafin sashen shari'a, ya mayar a teburin likitanci. Ana haska bakod manhaja za ta ce wannan ba namu ba ne, ta rubuta yana kan hanya, har sai an sake haska shi a gidansu.

Amma ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya amalanke ne. E, amalanken nan da ke bayan teburi. Littafi ya dawo ƙarfe tara, an haska, kwamfuta ta ce yana nan. Mai karatu ya hau bene, ya bi kanta da yatsa, lamba bayan lamba, ya tarar da gurbi. Ya sauko yana huci. Littafin kuwa ga shi can a amalanke, ƙarƙashin wasu talatin, taku biyu daga inda yake tsaye yana faɗa! Kuna dariya, ai duk kun gani. Manhaja ba ta yi ƙarya ba, mu ne ba mu gaya mata akwai amalanke a duniya ba. Koha tana da wurin jeri na wucin gadi mai suna CART, ana saita shi duk abin da ya dawo ya faɗa can tukuna. Ku kunna shi. Na ce ku kunna shi.

Na huɗu... au, na uku ko? Bari, Hajiya ta ɗaga hannu.

Ta ce in intanet ya ɗauke fa? Akwai hanyar ba da aro ba tare da shi ba, a loda bayanan daga baya. Sai dai a lokacin ba abin da zai faɗa miki wannan na wani reshe ne, ko wani ya riga ya kama layinsa. Don haka Hajiya, ba da aro ki ci gaba, amma waɗanda aka dawo da su tara su gefe, kada kowa ya jera, sai intanet ya dawo a haska su ɗaya bayan ɗaya.