Yaro Mai Shiru-Shiru da Yaro Mai Surutu: Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwarsu

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa malaman firamare da iyayen yara a Gusau.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai 'yan'uwana, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yaran nan biyu. Ɗaya kafin ka rufe baki hannunsa yana sama, ko ya san amsa ko bai sani ba. Ɗayan yana can ƙarshen benci, sai ka kira sunansa sau biyu, amma ranar jarrabawa takardarsa ta ba ka mamaki. Na farko mu ce rawar kai gare shi. Na biyu mu ce miskili ne ko daƙiƙi, a gida ma har a ce iska ta taɓa shi. Sau da yawa alhakinsu kawai muke ɗauka, domin bambancin halitta ne, kuma masana sun daɗe suna auna shi.

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, shi ya yaɗa wannan rabo a 1921: wani hankalinsa ya fi karkata ga abin da ke cikin ransa, wani ga abin da ke kewaye da shi. Shi kansa ya ce babu wanda yake ɓangare guda zalla. Yawancinmu a tsakiya muke, kamar dai yadda dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai suke kaɗan a cikin jama'a.

Wanda ya kai maganar ga jiki shi ne Hans Eysenck a Landan, a 1967. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai tarin jijiyoyi masu aikin farkar da mutum. Ya ce a wurin mai shiru-shiru wannan farkawa dama a sama take, a wurin mai son jama'a kuwa a ƙasa take. Ku ɗauki kofin shayi biyu, ɗaya an riga an zuba masa sukari, ɗaya babu. Ka ƙara wa kowanne cokali uku: na farko ya gundure, na biyu ya yi daidai. Hayaniyar aji mai yara tamanin ita ce cokali ukun nan. Russell Geen ya gwada haka a 1984. Ya bar mutane su zaɓi ƙarfin ƙarar da za a sa musu a kunne suna wani aikin koyo. Masu son jama'a suka zaɓi mai ƙarfi, masu shiru-shiru suka zaɓi 'yar kaɗan, kuma da aka sa wa masu shiru-shiru ƙarar da waɗancan suka zaɓa, aikinsu ya lalace.

Akwai gwajin lemon tsami da za ku iya yi a gida. Nemi tsinken goge kunne mai auduga kai biyu, ka ɗaura zare a tsakiyarsa daidai, yadda in ka rataye shi ba zai rinjaya ba. Haɗiye miyau, ka ɗora kai ɗaya a kan harshe daƙiƙa ashirin. Ɗiga ruwan lemon tsami ɗigo biyar a harshe, ka haɗiye, ka ɗora ɗayan kan daƙiƙa ashirin, sai ka rataye. In kan da ka ɗora bayan ɗiga lemon ya rinjaya sosai, jikinka mai saurin amsawa ne, kuma an ga masu shiru-shiru sun fi tsiyayar da miyau haka. Abin da ke ɓata gwajin: zare ya kauce daga tsakiya, ko mutum ya gama cin goro, ko yana azumi bakinsa a bushe. Don Allah kada wani ya yanke wa ɗansa hukunci da tsinke. Bambancin a taron mutane yake fitowa, ba a kan mutum ɗaya ba.

Daga baya masana irin su Richard Depue suka ƙara wani bayani a 1999, kuma yau ya fi samun karɓuwa: sinadarin dofamin, mai zaburar da mutum ya nemi abin da yake ganin akwai lada a cikinsa. Mai son jama'a ƙwaƙwalwarsa ta fi zabura in ta hango yabo, riba, sabuwar fuska. Mai shiru-shiru ba ƙin mutane yake yi ba, abin ne bai cika jansa ba, ga shi yana saurin gajiyar da shi. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na wannan bambanci gado ne. Bulala ba ta sauya shi.

A nan ƙasarmu akwai inda muke kuskuren aunawa. Mun tarbiyyantar da yaro ya sunkuyar da kai gaban manya, amarya ta yi shiru a gidan surukai. Wannan kunya ce, koyarta ake yi. In kana son sanin halin yaro, kada ka duba shi gaban babansa. Leƙa shi lokacin tara cikin sa'o'insa, ka kuma lura da shi bayan an watse daga biki ko suna. Wani zai dawo yana neman inda za a ƙara, wani zai nemi lungu ya kwanta alhali ya ji daɗin bikin. Haka kuma mai tsoron mutane daban ne: shi yana son shiga, fargabar a yi masa dariya ke hana shi, har ka ga gumi da rawar murya.

To me za mu yi a aji? Mary Budd Rowe, mai binciken harkar koyarwa, ta gano malami yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka soma. Ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka nuna kowa. In tambayar mai nauyi ce, kowa ya rubuta amsa minti biyu tukuna. Haɗa su bibbiyu, domin a rukunin mutum takwas baki biyu ne ke aiki. In za ka tsayar da mai shiru-shiru gaban aji, gaya masa tun jiya. Kada ka ce “yau dai kurma ya yi magana”. Daga ranar ka rufe bakinsa.

Shi kuwa mai surutu, da baki yake tunani. Ba shi aiki: rabon littattafai, karanta wa aji, bayyana wa na kusa da shi abin da aka koya. Gutsura masa aikin shiru minti goma-goma.

Iyaye, yaron da ya dawo daga boko a bar shi ko rabin awa shi kaɗai kafin Islamiyya. Amma kada halinsa ya zama hujjar yanke zumunci. William Fleeson ya nuna a 2002 cewa har masu shiru-shiru sukan ji daɗi in suka saki jiki da mutane. A aike shi gaisuwa, ya je kasuwa, sai dai a san iyakarsa.

Wata Hajiya cikin mahalarta ta tambaya: yaushe shiru ke zama ciwo? Hajiya, ki duba sauyi. Wanda tun yana goye haka yake, yana ci, yana barci, yana da aboki ko da ɗaya ne, lafiyarsa lau. Amma mai fara'a da ya ɗauke wuta, ya bar abin da yake so, barci da cin abinci suka rikice har mako biyu ko fiye, wannan alamar ciwon damuwa ce. Ƙaramin yaron da ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko maganarsa ta yi jinkiri ƙwarai, a fara auna jinsa. A kai su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau. In abin ya buƙaci ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Wanda kuwa ya ambaci son mutuwa, ko da wasa ne, a ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.