Sharhi: A Auna Mutum Kafin a Yanka Katako

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

Babu wanda zai kai wa tela yadi ya ce a ɗinka masa kaftani ba tare da an auna kafaɗarsa ba. Amma ga magidanci nan a Jos, ya ware lungu a garejinsa don 'yan gyare-gyaren gida, ya kira kafinta ya ce: "Malam, a haɗa mini tebur mai ƙwari." Shi ke nan bayanin. Kafinta kuwa hannunsa ya saba da teburin cin abinci, mai tsayin inci 30, wanda aka yi domin mai zaune a kujera. Sai maigida ya wuni a sunkuye yana kwance famfon janareto, da magariba yana dafe da ƙugu yana ɗora wa sanyin Filato laifi. Sanyin nan dai yana da nasa laifin, amma wannan karon ba shi ba ne.

Yawancin teburan aiki da ake tsayawa a kansu suna tsakanin inci 34 zuwa 38. To amma wannan lissafin littafi ne. Ma'aunin gaskiya jikinka ne da irin aikinka. Ka tsaya da takalmin da kake aiki da shi, ka saki hannuwa. Idan aikinka na dannawa ne da ƙarfi, kamar feren katako ko yanka da zarto, saman teburin ya zo daidai wuyan hannunka, domin nauyin jikinka ya taya ka. Idan kuwa aikin ido ne, gyaran rediyo, fanka, caja, to a ɗaga shi har ya rage kamar faɗin tafin hannu ya kai gwiwar hannunka. Mai niyyar ɗaura bayis, wato ƙarfen da ke matse abin da ake aiki a kai, ya tuna cewa shi ma bayis ɗin yana da nasa tsayin, kuma maƙera sun daɗe da sanin cewa bakinsa ya kamata ya zo daidai gwiwar hannu.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Bulo ɗaya tsayinsa inci 9 ne, huɗu a kan juna inci 36 ke nan. Jera su gida biyu, ka shimfiɗa falanki, ka yi aikin yini guda a kai. Bayanka zai gaya maka ko a ƙara ko a rage. In kana kokwanto, ka sa a bar ƙafafun da ɗan tsawo. Rage katako aikin minti biyar ne, ƙara shi kuwa sai faci.

Faɗi ba ya bukatar dogon zance: inci 24 ya isa, don hannu ya kai bango. Filawud yana zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8, in aka tsaga shi biyu ta tsawo aka ɗora ɗaya kan ɗaya, an sami sama mai kauri da ba ya rawa in an buga guduma. Sai dai kafin komai, ka shigar da motar, ka buɗe ƙofofinta, ka zana da alli inda ya rage. An sha ganin tebur mai kyau da ya kori mota waje.

Yanzu katakon kansa. Wanda ya shiga Kasuwar Katako da damina ya ɗauko ɗanye, ya kwana da sanin cewa hunturun Jos zai tsotse shi, ya tsage, ya murɗe, ƙusoshi su yi sako-sako. Ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka duba tsawonsa da ido ɗaya ko ya lanƙwashe, ka jingine shi a inuwa ya sha iska na 'yan makonni. Maɗaci da loko sun fi ƙarko, malaina ta fi sauƙin kuɗi. Ƙafafu kuwa a haɗa su da noti maimakon ƙusa zalla, saboda in katakon ya ƙanƙance sai a ƙara ɗaurewa. A shafa musu maganin gara, ko baƙin mai kamar yadda kafintocinmu suka saba.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa shi ne daɓen gareji. Magina kan ɗan karkatar da shi zuwa bakin ƙofa don ruwa ya fita, saboda haka ƙafafu huɗu masu tsayi ɗaya ba za su ba ka shimfiɗaɗɗen tebur ba. A auna kowace ƙafa a inda za ta zauna. In an gama, ka kwantar da kwalba a kai. In ta gangara, kar ka cika wa kafinta kuɗinsa tukuna.